Wa Ya Gina, Wa Zai Gyara? Ƙauyukan Ingila da Tsoffin Coci-cocinsu

A gabashin Ingila, musamman yankunan Norfolk da Suffolk, ba wuya mutum ya shiga ƙauyen da gidajensa ba su kai hamsin ba, ya tarar da cocin dutse da zai ɗauki ɗaruruwan mutane, da hasumiyar da ake hangowa tun daga nesa. Wani wurin ma cocin ne kaɗai a tsaye a tsakiyar gonar alkama, babu gida ko ɗaya kusa da shi. Norfolk kawai tana da irin waɗannan gine-gine na tsakiyar zamani fiye da 600. Baƙo yakan ɗauka mutanen da ne suka fi na yanzu yawa ko suka fi su ibada. Akwai gaskiya a haka, amma girman ginin da fasalinsa sun fi bin kuɗi, da dokar da ta faɗi wanda zai biya kowane ɓangare.

Bayan Agustin, mai wa'azin Kirista da Roma ta aiko, ya sauka a Kent a 597, coci-cocin farko ba na ƙauye ba ne. Manyan majami'u ne da ake kira minster, inda rukunin limamai ke zaune suna fita yawon wa'azi da baftisma a ƙasa mai faɗi. Sunayen garuruwa irin su Axminster da Leominster sun riƙe wannan tarihi. Daga ƙarni na 10 aka fara yanka manyan ƙasashen nan zuwa ƙananan gandaye, kowane ubangida kuma ya so cocinsa a ƙofar gidansa. A Raunds, cikin Northamptonshire, masu tonon tarihi sun gano ɗan ƙaramin cocin dutse na wannan zamani a gefen gidan mai ƙasar, da maƙabarta da ta biyo baya. Maƙabartar nan tana da muhimmanci, domin dokar Sarki Edgar ta wajen 960 ta yarda ubangidan da cocinsa ke da maƙabarta ya riƙe wa cocin kashi ɗaya cikin uku na ushirinsa, maimakon ya kai duka ga tsohuwar majami'a. Wanda ya gina coci shi ke zaɓen limami, wannan iko kuma ana gadonsa, ana sayar da shi kamar gona. Shi ya sa a Swaffham Prior ake da coci biyu a haraba ɗaya, a Reepham kuwa har uku aka taɓa yi: iyayengiji daban, gandaye daban.

Zuwa wajen 1200 an gama raba ƙasar zuwa gundumomin coci kusan 9,000, abin da su ke kira parish, kuma iyakokin da yawa suna nan har gobe. Iyakar gunduma ita ce iyakar gonakin da ke kai ushiri ga wannan coci. A tsakiyar Ingila, a daidai wannan lokaci ne gidajen da ke warwatse suka haɗu wuri guda, aka kewaye su da manyan filaye biyu ko uku marasa shinge, kowane manomi na da dogayen tsaga-tsaga a ko'ina cikinsu, ana barin fili ɗaya ya huta kowace shekara. A arewa mai duwatsu kuwa gunduma ɗaya takan haɗiye ƙauyuka da dama. Mutanen Keld, a kwarin Swaledale, sai sun ɗauki gawa tafiyar mil 16 zuwa Grinton kafin su binne ta, har sai da aka keɓe maƙabarta a Muker a 1580.

Gabas na limami, yamma na jama'a

Ushiri shi ne kashi ɗaya cikin goma na amfanin ƙasa, kuma a wancan zamani dole ne, kotun coci na hukunta wanda ya hana. Adadin ya yi daidai da zakkar hatsin damina da aka sani, sai dai wannan ga coci da limaminsa yake tafiya. An raba shi biyu. Babban ushiri shi ne na hatsi da ciyawar dabbobi da itace. Ƙarami shi ne na 'ya'yan tumaki, ulu, madara, ƙwai da kayan lambu. Ban da wannan akwai gonar limami. Wanda ke karɓar duka shi ake kira rector. Amma iyayengiji da yawa sun yi kyautar coci-cocinsu ga gidajen ruhubanawa don neman lada, sai gidan ruhubanawan ya zama shi ne rector, ya kwashe babban ushiri, ya ɗora na'ibi a ƙauyen ya bar masa ƙarami. Kalmar vicar da ake kiran limamin ƙauye da ita yau ma'anarta ke nan, na'ibi.

Daga ƙarni na 13 al'ada ta zauna cewa mai karɓar babban ushiri shi ke da alhakin ɓangaren gabas, inda bagadi yake da wurin tsayuwar limami, zauren jama'a da hasumiya da haraba kuwa na mutanen gunduma ne. Wannan rabon shi ke bayyana abin da ke ba mutane mamaki: zaure mai tsawo da manyan tagogi da rufi sassaƙaƙƙe, a manne da ɗan tsohon ɗakin gabas mai duhu. Mutanen gari sun zuba dukiya a nasu, ruhubanawan da ke zaune can nesa sun yi abin da doka ta tilasta kawai.

Don riƙe kuɗin nasu ɓangare, jama'a suka riƙa zaɓen wakilan coci, yawanci biyu, masu ba da lissafi kowace shekara. Hanyoyin tara kuɗin na ƙauye ne sosai. Ana dafa giya a sayar a bikin coci, ana karɓar wasiyya, ana ba da hayar gida. A Morebath, ƙauye mai gidaje talatin da 'yan kai a Devon, inda Christopher Trychay ya yi limanci daga 1520 zuwa 1574 yana rubuta lissafin da hannunsa, coci na da tumakinsa da aka rarraba wa magidanta su kiwata tare da nasu, a sayar da ulun a kawo kuɗin. Samari na da asusunsu, 'yan mata na da nasu.

Bangon kansa yana faɗin shekarunsa ga wanda ya iya dubawa. Baka mai zagaye, wato lanƙwasar saman ƙofa ko taga, da bango mai kauri da ƙananan tagogi na zamanin Normandawan da suka ci Ingila da yaƙi ne, daga 1066 zuwa ƙarshen ƙarni na 12. Cocin Kilpeck na wajen 1140 misali ne da bai canza sosai ba. Siririyar taga mai tsini a sama ta ƙarni na 13 ce. Taga mai faɗi da aka yi wa ado da lanƙwasassun duwatsu ta farkon ƙarni na 14 ce. Wadda sandunan dutsenta suka miƙe ɗoɗar har sama, bango ya koma kusan gilashi zalla, daga wajen 1350 ce zuwa 1530. Da wuya a sami coci mai salo ɗaya, domin ba a rushewa a sake. Ana huda bango ne a ɗora bakuna a ƙara zauren gefe idan mutane sun ƙaru. Abin ginin kuma na wurin ne, don dakon dutse a kan keken shanu yakan fi dutsen tsada. Norfolk ba ta da dutsen sassaƙa, sai dutsen ƙyastu wanda ba ya ba da kusurwa mai kyau, kuma wannan na cikin dalilan da ake bayarwa na hasumiyoyinta masu zagaye, sama da 120.

Ƙaruwa ba ta ɗore ba. Annobar 1348 zuwa 1349 ta kashe tsakanin sulusi da rabin mutanen ƙasar. A cikin hasumiyar cocin Ashwell, a Hertfordshire, akwai rubutun Latin da wani ya karce a bango yana kukan wannan masifa. Amma ƙauyukan da annobar ta share kai tsaye kaɗan ne. Abin da ya fi mai da ƙauye kufai ya zo daga baya: ma'aikata sun yi ƙaranci, lada ya tashi, ulu na da kasuwa, sai mai ƙasa ya ga makiyayi ɗaya da garke sun fi masa manoma ashirin. An san kufan ƙauyuka fiye da 3,000 a Ingila. Wanda aka fi bincika shi ne Wharram Percy a Yorkshire, inda Maurice Beresford da John Hurst suka jagoranci tono daga 1950 zuwa 1990. Cocin can ya fara da katako, ya koma dutse, ya sami zaurukan gefe, sannan aka rushe zaurukan aka toshe bakunan da bango yayin da jama'a ke raguwa. An kori iyalai na ƙarshe wajen 1500, cocin ya ci gaba da yi wa ƙauyukan maƙwabta hidima har tsakiyar ƙarni na 20, wani ɓangare na hasumiyarsa ya faɗi a 1959. Toshassun bakunan suna nan a jikin bango.

Ulun da ya kori wasu shi ya gina wa wasu. Attajiran saƙa da fataucin ulu sun sake gina cocin Long Melford a rabin ƙarshe na ƙarni na 15, suka sa aka sassaƙa sunayensu a jikin bangon waje tare da roƙon a yi musu addu'a. A Lavenham, iyalin Spring masu sana'ar tufafi da gidan sarautar de Vere suka ɗaga hasumiya mai ƙafa 141, aka gama wajen 1525. A Fairford, John Tame ya gina cocin da tagoginsa 28 na gilashi mai launi suka tsira har yau. Abin da ya tura su shi ne aƙidar cewa addu'ar masu rai tana rage wa mamaci wahala kafin ya shiga aljanna, tare da gasar da ba a rasa ba tsakanin gari da gari.

Daga ɗakin ibada zuwa ofishin ƙauye

Sarki Henry na Takwas ya raba gari da cocin Roma a 1534, ya rufe gidajen ruhubanawa tsakanin 1536 da 1540. Haƙƙinsu na babban ushiri bai koma ga ƙauyuka ba. An sayar da shi ga masu kuɗi da kwalejoji, tare da nauyin gyaran ɓangaren gabas. A zamanin ɗansa Edward aka soke wakafin addu'ar matattu a 1547, aka fitar da siffofi, aka shafe zanen bango da farar ƙasa, aka musanya bagadin dutse da tebur. Sarauniya Mary ta maido da tsohon tsari a 1553, Sarauniya Elizabeth ta sake juya shi a 1559, kowane juyi kuma daga aljihun ƙauye aka biya shi. Abin da ya saura, William Dowsing, jami'in ɓangaren majalisar dokoki a lokacin yaƙin basasa, ya bi Suffolk da Cambridgeshire a 1643 da 1644 yana farfasawa. Farar ƙasar ta yi wani amfani da ba a nufa ba. A Wenhaston, a 1892, an cire wasu fararen alluna aka ajiye a waje, ruwan sama ya wanke su cikin dare, sai ga zanen ranar hisabi na wajen 1500 ya bayyana.

Bayan nan gini ya tsaya kusan cak na tsawon ƙarnuka, amma aikin gunduma ya ƙaru. Thomas Cromwell, babban ministan Sarki Henry, ya ba da umarni a 1538 a riƙa rubuta kowace baftisma da aure da jana'iza. A ƙarshen ƙarnin aka ce a kwafe su a kan fata a kuma aika wa bishop kwafi, sai dai masu kwafin da yawa sun fara ne daga 1558, shi ya sa rajistar ƙauyuka da dama ba ta kai 1538 ba. Dokar 1555 ta ɗora wa gunduma gyaran hanyoyi, ta 1601 ta ɗora mata ciyar da matalauta da harajin da take karɓa da kanta, ta 1662 kuma ta ba da damar mai da baƙon da ake tsoron zai zama nauyi zuwa gundumarsa ta asali. Har likkafani sai da doka ta shiga: daga 1666 aka wajabta na ulu don a raya kasuwarsa, tarar saɓawa fam 5. Duk takardun nan a akwatin coci ake ajiye su, mai makulli uku, ɗaya a hannun limami, biyu a hannun wakilai.

Tsakanin 1750 da 1850 majalisa ta zartar da dubban dokokin killace filaye. Aka haɗe tsaga-tsagan nan zuwa gonaki masu shinge, talakan da ba shi da takarda ya rasa makiyayar saniyarsa da wurin yin itace. Laxton a Nottinghamshire ne kusan kaɗai ya riƙe tsohon tsarin yana aiki. A wurare da yawa aka ba mai ushiri ƙasa a madadin ushirinsa, sau da yawa kashi ɗaya cikin biyar na gonakin noma, nauyin gyaran ɓangaren gabas kuma ya bi ƙasar duk inda ta je. Wannan ya daɗe a kwance har sai da majalisar cocin Aston Cantlow a Warwickshire ta nemi wasu ma'aurata da suka gaji gona su biya kusan fam 100,000. A 2003 alƙalan Majalisar Dattawa, waɗanda su ne kotun ƙoli a lokacin, suka ba coci gaskiya, daga ƙarshe aka sayar da gonar. Tun daga Oktoban 2013, wanda ya sayi ƙasa ba ya ɗaukar wannan nauyi sai in an riga an shigar da shi a rajistar filaye.

Zamanin Sarauniya Victoria ya yi abu biyu masu karo da juna. An gyara dubban coci-coci, galibi da hannu mai nauyi: an kankare shafen bango har da zanen da ke ƙarƙashinsa, an fitar da tsoffin kujeru, an sake tagogi bisa yadda mai zanen gini yake ganin ya kamata su kasance. Adawa da wannan ce ta sa William Morris ya kafa ƙungiyar kare tsoffin gine-gine a 1877. A lokaci guda kuma aka kwance igiyoyin da ke ɗaure ƙauye da cocinsa. Kula da matalauta ya koma hannun hukumomin haɗin gwiwa a 1834, ushiri ya koma kuɗi a 1836, rajistar haihuwa da mutuwa ta koma ta gwamnati a 1837, harajin gyaran coci ya daina zama dole a 1868, aka kafa majalisun ƙauye da ba ruwansu da coci a 1894. Ƙidayar masu ibada ta 1851 ta riga ta nuna cewa kusan rabin masu zuwa ibada ba Cocin Ingila suke zuwa ba. Dokar 1936 ta kama hanyar kashe ushiri gaba ɗaya.

Ruwa, dalma da jemagu

Yau Cocin Ingila na da gine-gine kusan 16,000, fiye da 12,000 daga ciki suna cikin jerin da doka ta kare. A Faransa dokar 1905 ta bar tsoffin coci-coci a hannun ƙananan hukumomi. A Ingila gwamnati ba ta mallake su ba, dayosis ma, wato hukumar yankin da bishop ke shugabanta, ba ita ke biyan gyara ba. Nauyin yana kan majalisar cocin ƙauyen, wadda wani lokaci mutum shida ne ko takwas, yawancinsu tsofaffi, kuma su ne ke aika wa dayosis kason albashin limamin da suke raba da ƙauyuka biyar ko fiye.

Tun dokar 1955, dole ƙwararren mai zanen gini ya duba kowane coci sau ɗaya a shekara biyar, ya rubuta rahoton da ya jera abin gaggawa da wanda zai iya jira. Kusan duk ɓarnar da ke cikin irin wannan rahoto daga ruwa take farawa. Ganye ko sheƙar tsuntsu ta toshe magudanar da ke bayan katangar rufi, ruwa ya taru ya bi ta kan bango, ya jiƙa bakin katakon da ke ɗauke da rufin. Jiƙaƙƙen katako na kawo ruɓa, ruɓa na kiran ƙwaron da ke cin itacen oak daga ciki, ba a gani sai katako ya zama ɓawo. Share magudanu da bututun saukar ruwa sau biyu a shekara, bayan zubar ganye da kuma bayan hunturu, shi ne aiki mafi arha da ke hana mafi tsada. Daga ƙasa ma ruwan yana zuwa, domin binne-binnen shekaru ɗari takwas sun ɗaga harabar sama da daɓen ciki, sai an haƙa kwata a gindin bango.

Kuskuren ƙarni na 20 shi ne siminti. An gina bangayen nan da kwaɓin ƙonanniyar farar ƙasa da yashi, mai laushi, wanda ke barin danshi ya fita ta tsakanin duwatsu. Idan aka cike tsakanin da siminti, danshin sai ya bi ta dutsen, ya daskare a hunturu, fuskar dutsen ta ɓare. Duk wanda ya ga katangar laka da aka shafe da siminti tana zubewa daga ciki ya san cutar. Magani shi ne a ƙwaƙule simintin da hannu, a mayar da kwaɓi na kusan awo ɗaya na farar ƙasa da uku na yashi mai kaushi, a yi aikin lokacin da babu barazanar daskarewa, a rufe shi da jiƙaƙƙen buhu don kada ya bushe da sauri ya tsage. Ƙarafan da magina na da suka ɗaure duwatsu da su ma suna tsatsa, su kumbura su fasa dutsen.

Rufin dalma yakan wuce shekara ɗari idan an shimfiɗa shi daidai. Falle mai kaurin milimita 3 da ɗan ɗori yana da nauyin kusan kilo 36 a kowace murabba'in mita, kuma bai kamata tsawonsa ya wuce mita biyu da rabi ba, domin dalma na miƙewa da zafi ta tsuke da sanyi, falle mai tsawo sai ya tsage. Dumama coci na 'yan sa'o'i ranar Lahadi kawai yana tara raɓa a ƙarƙashin dalmar ta cinye ta. Sannan ga ɓarayi. Da farashin ƙarafa ya tashi, aka riƙa yaye rufi cikin dare, ruwan da ya shiga kafin a lura kan yi ɓarnar da ta fi dalmar tsada. Dokar 2013 ta wajabta wa dillalan tsoffin ƙarafa lasisi ta hana su biya da tsabar kuɗi, kuma yanzu akan yarda cocin da aka yi wa sata ya maye gurbin dalma da ƙarfe marar tsatsa.

Ko da kuɗi ya samu, ba a taɓa ginin sai da izini. Ƙaramin aiki yana da jerinsa, babba kuwa sai majalisar coci ta kai zane ga kwamitin shawara na dayosis, a tuntuɓi ƙungiyoyin kare gine-gine, a liƙa sanarwa ta kwana 28, sannan alƙalin kotun dayosis ya ba da izini ko ya hana. In akwai jemagu a rufi, kuma galibi akwai, dokar 1981 ta kare su, sai an yi bincike an tsara aikin a lokacin da ba sa renon 'ya'ya. Yawancin buƙatun yanzu na banɗaki ne da ɗan wurin dafa shayi da cire wasu kujeru, don a sami damar yin taro ko kasuwar manoma ko ofishin gidan waya a zauren jama'a, ɓangaren da dama tun asali nasu ne.

Inda abin ya gagara, mataki na farko shi ne a rage ibada zuwa manyan bukukuwa da aure da jana'iza, ginin yana nan a matsayin coci. Idan an rufe shi a hukumance, sai a nemi wanda zai yi amfani da shi, gida ko ɗakin taro. Wanda darajarsa ta fi ƙarfin haka akan miƙa shi ga asusun da aka kafa a 1969, wanda yanzu ake kira Churches Conservation Trust, mai riƙe da coci fiye da 350. A cikinsu akwai na Imber, ƙauyen da soja suka kwashe mutanensa a Disambar 1943 don atisaye ba a kuma mai da su ba. Cocin na tsaye a tsakiyar filin harbi, ana buɗe hanyar zuwa gare shi 'yan kwanaki kaɗan a shekara.